Ciyawar ruwa: ta yankinka ko ta mai shago?

Tambaya: Na haƙa ɗan tafki a lambuna, zurfinsa kusan mita 1, ina so in dasa ciyawar ruwa irin ta yankinmu. Mai shago ya nuna mini wata, ya ce duk ɗaya ne. In saya? Wane taki zan zuba?

Amsa: Malam, kada ka biya kuɗi sai ka ga cikakken sunan kimiyya a rubuce. Mai yiwuwa wadda kake nema 'yar dangin Potamogeton ce, wato ciyayi masu saiwa da ke tsiro a cikin ruwa, amma masu sayarwa sukan yi wa ciyayin ruwa kuɗin goro. Sau da yawa abin da za su miƙo maka Egeria densa ce, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, kuma guntun reshenta ɗaya ya isa ya cika kududdufi idan ya kuɓuce. Ko a cikin dangin ma ba kowace ce ta ko'ina ba: Potamogeton crispus 'yar gida ce a Turai da Asiya, amma a Arewacin Amurka ta zama annoba. Ka tambayi masu kula da tsirrai na yankinka wace iri ce taku.

Taki kuwa, ka bar shi. Da zarar ya narke a ruwa gansakuka ce za ta fara cin moriyarsa, ruwan ya yi kore, haske ya daina isa ƙasa, ciyawar ta ruɓe. Da saiwa take samun yawancin abincinta. Ka cika kwando da ƙasa mai laka, ka binne saiwar a kwance, ka rufe saman da tsakuwa don kada ƙasar ta dama ruwan. Fara ajiye kwandon a zurfin santimita 30 zuwa 60, inda rana ke bugawa yawancin yini, ka matsar da shi ciki idan ta yi ƙarfi. Tana son ruwa a kwance ko mai gudu a hankali, don haka ka nisanta ta da bakin famfo.

Idan ganyen farko ya yi baƙi ya zube, kada hankalinka ya tashi, sabo zai fito daga saiwar. Abin tsoro shi ne kifi mai cin ciyawa da agwagwa, don za su tuge ta kafin ta kama. Ka kewaye kwandon da raga a watannin farko.