Ƙarfen da ya daina ja bai huce ba

Tambaya biyu ka haɗa mini. Ka ce me ya sa tartsatsin walda ke zuba a hannunka ba ya ƙona ka, amma guntun ƙarfen da ya riga ya yi baƙi ya ɗaye maka fata. Sannan ka ce, Oga, me zai hana mu riƙa watsa wa aiki ruwa ya huce da wuri mu kama wani. Ta farkon tambayar mai hankali ce. Ta biyun ita ce ta sa zan tsaya in amsa maka, domin na san abin da bokitin ruwa ɗaya ke jawowa. Ajiye wayar nan tukuna.

Tsananin zafi daban, yawan zafin da abu ya ƙunsa daban. Ma'aunin zafi tsananin kawai yake nuna maka, wato irin ƙarfin da ƙananan ƙwayoyin abu ke motsi da shi. Yawan zafin kuwa sai ka haɗa abu uku: nauyin abin, irin abin, da digirin da ya hau. Kilo ɗaya na baƙin ƙarfe yana shan jul 490 ko kusa da haka (jul shi ne ma'aunin yawan zafi) kafin ya hau digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas. Alminiyam yana shan wajen 900, ruwa wajen 4,200. To, lissafa da kanka. Tartsatsi ko ya kai digiri 1,500, nauyinsa da ƙyar zai kai miligiram ɗaya, duk zafin da ke cikinsa bai cika jul ɗaya ba, kuma kafin ya iso hannunka iska ta kwashe wani. Ƙarfe mai kilo 10 da ke kan digiri 300, saukowarsa zuwa 100 kaɗai zai saki jul 980,000, abin da ya isa ya kai lita uku na ruwa ga tafasa. Kuma baƙi ƙirin za ka gan shi, don ƙarfe ba ya fara nuna ja sai ya haura digiri 500, shi ma sai a inuwa. Ɗigon narkakken ƙarfe kuwa kada ka haɗa shi da tartsatsi, shi yana da nauyi, shi ya sa yake huda takalmi.

Zafi kullum daga inda ya fi tsanani yake tafiya zuwa inda bai kai ba, kuma ta hanya uku. Yana bin jikin abu, kamar yadda yake hawowa awartaki har ya iso hannunka. Iska ko ruwa suna ɗaukarsa su tashi da shi. Yana kuma fita a matsayin haske, wanda ido ke gani da wanda ba ya gani, shi ne wanda ke dukan fuskarka in ka tsaya kusa da ƙarfen da ya yi ja alhali ba ka taɓa komai ba.

Hanya ta farkon, wato bin jikin abu, ita ce ke raba gwani da ɗan koyo a wajen walda. Alminiyam yana jan zafi kamar ninki huɗu na baƙin ƙarfe, jan ƙarfe kamar ninki takwas. Kana zuba wuta a wuri ɗaya, jikinsa na kwashewa yana rarrabawa, sai ka ga ya ƙi narkewa. Ka ƙara wuta, can jikin ya ƙoshi, sai wurin ya rufta gaba ɗaya, domin a digiri 660 yake narkewa kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka. Ɓawon da ke kansa kuwa sai ya haura digiri 2,000 yake narkewa, shi ya sa ake goge shi da burushin waya kafin a fara. Ƙarfen da ba ya tsatsa akasin haka ne, jan zafinsa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na baƙin ƙarfe ba, zafin sai ya taru wuri guda, farantin ya karkace. Yadda ake daidaita wutar inji da riƙon sandar walda ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda ya yi wata guda a shago bai iya wannan ba ya nemi wata sana'ar.

Yanzu maganar ruwa. Ƙarfe in ya yi zafi yana buɗewa, in ya huce ya tsuke. Mita ɗaya na baƙin ƙarfe in ya hau digiri 100 yana ƙara milimita 1.2. Baƙin ƙarfe na yau da kullum yana da haƙuri, in wani ɓangare ya ja wani sai ya miƙe ko ya lanƙwasa. Ƙarfen kas, wato wanda ake narkarwa a zuba a mazubi ya ɗauki siffa, ba shi da wannan haƙurin, ko kashi ɗaya cikin ɗari ba ya miƙewa yake tsagewa. Ruwa kuma ba abin da ya kai shi kwasar zafi a cikin shago: bayan jul 4,200 na kowane digiri, kilo ɗaya in zai zama tururi sai ya sha jul 2,260,000. Kana watsa shi, fatar ƙarfen ta huce nan take tana neman tsukewa, cikin yana nan da zafinsa a buɗe ya ƙi ba ta hanya. Dole ɗaya ya ba da kai, kuma fatar ce ke yagewa.

Wani mutum ya taɓa kawo gidan famfon ruwa na kas, tsagewar ta kai taƙi guda. Aka wanke mai, aka huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, aka gurje ta ta yi kwari. Aka gasa gidan gaba ɗayansa a hankali har wajen digiri 400. Aka bi shi da sandar nikel, wadda duk mai walda ya san ba a ɓarnar ta, gajere gajere, santimita biyu zuwa uku a tsaya, a bubbuga da ƙaramar guduma tun da zafinsa don ɗinkin ya saki, a tsallaka wani gefen. Aikin ya ci yini, ɗinki ya kwanta sumul. Aka binne shi cikin busasshen yashi, aka ce masa gobe. Ya ce to.

Ba a jima ba ya faki ido ba kowa sai ƙaramin yaro a shago, ya dawo. Ya ce ai ƙarfe ya yi baƙi, zafin me ya rage, ana ja masa rai ne kawai. Ya sa yaron ya tone, ya ɗauki bokiti da hannunsa ya sheƙa. Yaron ya ce ƙara ɗaya ya ji, ƙas. Sabuwar tsagewar ko kusa da ɗinkin ba ta bi ba, ta fito ne inda siririn bango ya haɗu da kaurin bakin da ake ɗaure kusoshi, daidai wurin da ɓangare ɗaya zai riga ɗaya hucewa. Fuskar karayar sabuwa fil, ruwan toka, babu tsatsa babu mai, duk wanda ya san ƙarfe kallo ɗaya zai yi ya gane lokacin da ta faru. Ɗinkin kuwa yana nan daram. Amma mutumin nan ya ce walda ce ba ta yi ba, ya ƙi biyan ko kuɗin sanda, ya kwashi kayansa. Bai tsaya nan ba, ya bi masu irin injinsa yana cewa kada su kawo aikin kas shagon nan, ana kashe kaya. Sandar da iskar gas da yinin da aka ɓata duk masu sauƙi ne. Sunan da ya ɓata da bakinsa, a kan ɓarnar da ya yi da hannunsa, shi ne har yau in na tuna raina ke ɓaci.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne halinku ɗaya da mutumin nan. Kuna so komai ya gama yanzu yanzu, kun kalli bidiyon minti biyu an yanke duk wurin jira, kun ɗauka haka aiki yake. Sauri kuwa ya haifi nawa. Gashin farko da kuke ganin ɓata gas ne, shi ke hana sanyin jikin kas ya zuƙe zafin ɗinki da sauri. In ya zuƙe, gefen ɗinkin zai yi tauri har zarto ya riƙa zamewa a kai, kuma nan zai fashe ranar da aka ɗora masa aiki. Ana gasa kas tsakanin digiri 260 da 650 gwargwadon kaurinsa da siffarsa, ba a wuce nan, kuma jikin gaba ɗaya ake gasawa, ba bakin tsagar kaɗai ba.

Kada ka auna wannan da ido ko da tofa yawu. Akwai allin gwada zafi, kowanne da digirin da yake narkewa a rubuce a jikinsa, ka ja shi nesa kaɗan da ɗinki ka gani. Na'urar da ake haskawa daga nesa tana aiki a kan baƙin kas, amma a kan alminiyam mai ƙyalli ƙarya za ta yi maka, za ta nuna ƙasa da gaskiya, saboda fuska mai sheƙi ba ta fitar da hasken zafi sosai kuma shi na'urar ke karantawa.

In ka gama, ka binne aikin cikin yashi ko toka ko ka naɗe shi da bargon wuta. Iskar da ke maƙale tsakanin ƙwayoyin yashi ita ce ke riƙe zafin, don haka yashin ya zama busasshe ƙarau, mai danshi ruwa ne da wani suna. A rufe shi ko'ina da kaurin akalla santimita goma, kada a bar kunne ɗaya a waje, kada a ajiye shi a bakin ƙofa ko gaban fanka. Babban aiki ya kwana. Ba a tone shi sai ka kusanta bayan hannunka ba ka ji hucinsa ba, kuma ko mai kayan ya zo da kuɗinsa a hannu yana rantsuwa, ka ce masa Oga ya hana, ya jira ni.