An daki motata tana fake da daddare, wa zai biya?

Tambaya: Barista, motata ta lalace a babbar hanya da daddare. Na gangara da ita gefe, na kashe komai don kada batir ya sauka, na tafi neman makaniki. Kafin in dawo wani ya dake ta ta baya. Yanzu wai kowa ya gyara tasa. Ni kuwa na san wanda ya daki mota ta baya shi ke biya. In kai shi kotu?

Amsa: Malam, Allah ya kiyaye gaba. Sai dai maganar nan ta "wanda ya daka ta baya shi ke da laifi" zancen direbobi ne. Galibi haka take kasancewa, amma ba ƙa'ida ba ce da ba ta da togaciya. Abin da alƙali zai fara tambaya shi ne: ana iya hango motarka a wannan duhun?

Nan ne "na kashe komai" ɗin nan zai iya cin ka. Ƙananan fitilun fakin, farare a gaba, jajaye a baya, ba a yi su don haska hanya ba. Aikinsu su nuna wa mai tahowa cewa ga mota nan, kuma ga faɗinta. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar ababen hawa ta tanadi a kunna su idan mota ta tsaya a kan hanya da dare, in ban da wasu wurare kamar titin cikin gari mai haske sosai. A Birtaniya ma wajibi ne a bar su a kunne da dare a duk hanyar da aka yarda a wuce gudun mil 30 a awa. Dokar inda abin ya faru ita ce za ta yi aiki, amma da wuya ta yi nisa da wannan. Hujjar batir kuwa ba ta da ƙarfi, don fitilun nan ba sa cin wuta kamar manyan fitilun gaba. Ga kuma sigina mai ƙyaftawa ta ɓangarori biyu, ga alamar gargaɗi mai kusurwa uku, ba ka ce ka yi amfani da ko ɗaya ba.

Wannan bai wanke wanda ya daki motarka ba. Direba ya kamata ya yi gudun da zai iya tsayawa a iyakar inda fitilarsa take haskawa. Idan motarka ta sauka daga kwalta gaba ɗaya, to shi ma sai ya faɗi abin da ya kai shi can. "Kowa ya gyara tasa" ɗin da yake yi, gaggawar tserewa ce kawai. Mai yiwuwa kotu ta raba sakacin tsakaninku, ta rage maka diyya gwargwadon naka kason. Nawa ne kason, ba zan iya yanke maka ba sai na ga rahoton 'yan sanda da hotunan wurin.

Ka sanar da kamfanin inshorarka, ka karɓo kiyasin gyara a rubuce, kada kuma ka taɓa motar kafin a ɗauki hotonta. Shawarata ku zauna sulhu a gaban wanda ku biyun kuka yarda da shi, ka nemi ya ɗauki kaso mafi tsoka na gyaran, a rubuta, a sa hannu da shaidu. Shari'a na iya cin lokaci da kuɗin da ya fi na gyaran. In ya ƙi zama, sannan lauyanka ya rubuta masa takardar neman biya.