Hoton biki yana fita da duhu: wace na'ura zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar hotunan biki a Zariya, ina wanke su da firinta Epson L1800. A kwamfuta hoton amarya yana fitowa tas, amma a takarda sai ya yi duhu, fuska ta koma ja-ja. An ce in sayi na'urar daidaita launi, ga shi aljihu ba nauyi. Wacce zan fara da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duhun nan galibi daga allon kwamfuta yake. Alluna suna zuwa daga kamfani da haske fiye da kima, sai ka ga hoto ya haskaka alhali shi kansa duhu ne, ita kuwa takarda babu fitila a bayanta. Masu wanke hoto kan ajiye hasken allo tsakanin kandela 80 zuwa 120 (kandela ma'aunin ƙarfin haske ce), farinsa a 6500K (wato fari irin na hasken rana), gamma (yadda allo ke tafiya daga duhu zuwa haske) a 2.2. Ido ba zai auna maka waɗannan ba, don haka na'urar allo ce abin sayenka na farko.

SpyderX Pro ta Datacolor ko Display SL ta Calibrite, kowacce ta ishe ka. In gwanjo za ka shiga, ni i1Display Pro ta X-Rite zan nuna maka, domin gilasan da ke tace mata haske suna daɗewa ba su sauya ba. A 2021 kayan hoto na X-Rite suka koma ƙarƙashin sunan Calibrite, kada sauyin suna ya ruɗe ka. Tsofaffin Spyder 3 da 4 kuwa, ko an karya maka farashi ka bar su, zafi da laima suna cin matatansu. Ka bar allon a kunne minti 30 kafin awo, ka riƙa maimaitawa duk wata.

Jan fuska wata magana ce. Duba ko Photoshop da firinta duk biyun suna gyara launi a lokaci guda. Kashe gyaran ɗaya daga cikinsu, wani lokaci shi ke nan. Sai tawada: L1800 kala shida take sha, kuma in tawadar da kake ɗurawa ba ta Epson ba ce, saitin da ya zo da firintar ba zai dace da ita ba. Nan ne ake buƙatar ColorChecker Studio, wadda a da ake kira i1Studio. Za ka buga takarda mai akwatunan launi, ka bari ta kwana ta bushe, na'urar ta bi ta kansu ta haɗa maka furofayil na ICC, wato fayil ɗin saitin launi da ya dace da tawadarka da takardarka.

Tana da tsada, kuma ba na so ka ci bashi a kanta. Awo ɗaya ya wadatar muddin ba ka canza tawada ko takarda ba, saboda haka ku haɗa kuɗi da abokan sana'a uku ko huɗu ku saye ta tare. Kafin nan, ka tsaya kan tawada ɗaya da takarda ɗaya, ka kuma riƙa duba hoton kusa da taga da rana, domin ƙwan shago mai shuɗi-shuɗi yana sauya kalar fata.