Baƙar fata da mutanen kudu a tsofaffin fina-finan Italiya

Malam, ka tambaya ko baƙar fata sun samu gurbi a fina-finan 'yan sanda da ɓarayi na Italiya na shekarun 1970. Sun samu, amma kaɗan, kuma yawanci Amurkawa ne da aka ɗauko domin fim ya sayu a ƙetare, kamar Woody Strode, wanda darakta Fernando Di Leo ya sa ya fito a makashin haya cikin fim ɗin La mala ordina a 1972. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yawan nuna mutanen kudancin Italiya, waɗanda talauci ya kora zuwa masana'antun biranen Milan da Turin da ke arewa, a matsayin 'yan Mafiya, wato ƙungiyar asiri ta masu aikata manyan laifuka. Mata kuwa galibi sace su ake yi ko a dake su.