Tayil mai kashe ƙwayoyin cuta: gaskiya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gina ƙaramin asibiti a Kawo, nan Kaduna. Mai sayar da tayil ya ce akwai wanda aka shafa wa sinadarin titaniyam, wai da kansa yake kashe ƙwayoyin cuta, ba sai an wanke ba. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya sa a gama lafiya. Maganar tana da tushe, sai dai an yi mata ƙari.

Sinadarin sunansa titaniyam dayoksaid. A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda, masana 'yan Japan, suka wallafa cewa idan haske ya sauka a kansa yana iya raba ruwa gida biyu, wato iskar haidurojin da ta oksijin, a 1985 kuma wasu masana a Japan suka nuna yana kashe ƙwayoyin cuta. Idan hasken UV, wato wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, ya dake shi, sai sinadarin ya taɓa danshi da iskar oksijin da ke samansa, ya mai da su wasu sinadarai masu zafin aiki. Su ne ke huda fatar ƙwayar cuta, su cinye maiƙo da dattin jiki, shi kuwa bai ragu ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Hasken UV bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba, gilashin taga yana tare wani sashe, ƙwan LED da muke sawa a ɗakuna kuwa kusan babu shi ciki. Kenan a ɗakin haihuwa mai labule, ko cikin dare, tayil ɗin kusan daidai yake da na gama-gari. Ko da rana ma aikin a hankali yake tafiya, ba kamar bilic ba. Akwai waɗanda ake gauraya wa jan ƙarfe ko azurfa don su yi aiki a duhu, saboda haka ka nemi takardar gwajin kamfanin, ka duba da wane irin haske aka gwada.

Sannan ƙurar hunturu ƙasa ce, sinadarin ba ya narkar da ita. Tana lulluɓe tayil ta tare haske har sai an goge.

Ni dai abin da ke damuna shi ne kada ma'aikatanka su ji an ce yana wanke kansa su sassauta, alhali rayukan majinyata ne a hannunsu. In kana so, sa shi a bangon waje da rana ke duka, ruwan damina ya riƙa ɗauraye shi. A ciki kuwa, sayi tayil mai santsi mai sauƙin gogewa, rarar kuɗin ka zuba a ruwan famfo, sabulu da bilic.