Tambaya da Amsa: Wane fistin ya dace da tsohuwar Vespa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji wata Vespa ƙirar P150X daga marigayi mahaifina, wadda ta shafe shekaru a jingine a zaure tun ranar da injinta ya ƙame masa a hanya. Da bakanike ya kwance ta, mun tarar fistin ya goge ta gefe guda, ringinsa sun manne a gurbinsu, cikin silinda kuma duk ƙarce. A kasuwa wani mai shago ya miƙo mini fistin na Bajaj ya ce duk ɗaya ne, wani kuma ya ce in ɗauki mafi girma domin babur ya ƙara ƙarfi. Shawarar wa zan bi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kuma saka maka da alheri da ka ƙi barin abin hawansa ya ruɓe a zaure. Malam, kada ka bi shawarar ko ɗaya daga cikinsu, kuma kada ka fitar da ko sisi sai an auna silindar.

Fara da tsohon fistin ɗin da ke hannunka. Ka kankare baƙin hayaƙin da ya daskare a kansa da ɗan katako ko roba mai tauri, za ka ga wata kibiya, sau da yawa kuma da lambar girmansa a kusa da ita. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da jerin Vespa PX, wanda taka ke cikinsa, a 1977, kuma faɗin silindar mai lamba 150 milimita 57.8 ne daga masana'anta, tafiyar fistin kuma milimita 57. Idan ka ga 58.0, ko 58.2, ko 58.4, to an riga an yi wa injin borin, wato an rarake cikin silindar an faɗaɗa ta, a baya, kuma wannan lamba ce za ta nuna maka sauran naman da ya rage wa silindar. Nan ne maganar mai shago na farko ta rushe. Bajaj Chetak ta Indiya daga Vespa Sprint aka kwaikwayo ta, faɗin silindarta kuwa milimita 57 ne cif. A ido, bambancin 0.8 ba ya ko kai kaurin farce biyu, amma a cikin inji rami ne: fistin zai riƙa kaɗawa, matsi ya zurare, ringi su karye.

Bayan haka a kai silindar wurin mai borin da ke da ma'aunin cikin silinda da maikuromita (ma'aunin da ke gane ɗan ƙanƙanin bambancin kauri), ya auna sama da tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, domin silinda ba ta cinyewa daidai. Ta fi zaizayewa a inda ringi ke juyawa da kuma gefen ƙofar salansa. Wani lokaci abin da ake zaton ƙarce ne, alminiyon fistin ne ya narke ya shafu a jikin ƙarfen, kuma idan aka cire shi sai a tarar bangon lafiya lau. Amma idan ka ja farcenka ya maƙale a cikin tsagin, borin ya zama dole.

Game da mai cewa ka ɗauki mafi girma, ga lissafin. Daga 57.8 zuwa 58.4, girman injin zai tashi ne daga kusan cc 149.6 zuwa 152.7, ƙarin da ba za ka taɓa jin sa a hannun totur ba, alhali ka cinye dukkan matakan gyaran da silindar ke da su a rana ɗaya. Ina jin takaicin ganin silinda ta asali da aka rarake haka ba gaira ba dalili, domin ƙarfen da aka yanke ba ya dawowa. Ka hau mataki ɗaya kawai, mafi ƙanƙanta da zai share ƙarcen.

Faɗi kaɗai kuma bai isa ba, kuma wannan ne abin da ya bambanta injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai da sauran injuna. Ba shi da bawul a kansa. Fistin ɗin ne da kansa yake buɗe ƙofofin da ke jikin silinda yana rufewa yayin hawa da sauka. Saboda haka ka ajiye sabo da tsoho kafaɗa da kafaɗa a kan tebur, ka zura fin guda, wato ɗan sandar ƙarfen da ke ratsa fistin ya riƙe shi, ya ratsa su biyun. Fin ɗin PX 125 da 150 milimita 15 ne, na 200 kuma 16. Sai ka duba ko kawunansu sun yi daidai a tsawo, domin idan sabon ya fi tsayi daga fin zuwa sama zai matso kan silinda fiye da kima, idan ya gaza kuma matsi ya ragu, lokacin buɗe ƙofofi ya sauya. Ka duba siffar kan, domin wasu tsofaffin Vespa irin su VBB fistin mai ƙusumbi suke amfani da shi, wanda ba ya shiga taka. Ka duba tagogi da yankan da ke ƙasan jikinsa, waɗanda ta nan mai ke bi ya hau sama. Sannan ka leƙa cikin gurbin ringi, za ka ga ɗan ƙaramin tsinke da ke hana ringin juyawa. Dole wurin da yake ya faɗa a kan bangon silinda mai santsi, domin idan bakin ringi ya zo daidai da wata ƙofa zai leƙa ciki ya karye, ya ɓata aikin gaba ɗaya.

A ganina, babur ɗin da za a riƙa hawa zuwa masallaci da kasuwa ba ya buƙatar fistin na tsere. Na zubi, wanda ake narka ƙarfe a zuba a mazubi, irin wanda ya zo da shi, shi ne daidai. Na ƙira, wanda ake matse ƙarfensa da ƙarfi ya ɗauki siffa, ya fi juriya amma ya fi kumbura da zafi, yana neman ƙarin sarari da ɗumama inji kafin tashi. Kamfanonin Italiya irin su Meteor da GOL suna yi wa Vespa fistin, kuma abin nema shi ne wanda ya zo a kwalinsa tare da ringi da fin da kilif (ɗan zoben da ke tare fin kada ya fito), da lambar girma a bayyane.

Ka kula da jerin aikin: sai fistin ya zo hannu sannan a yi borin. Mai borin zai auna shi ta ƙasa, ta gefen da ya gicciye fin, tunda fistin ya fi sirantaka a sama inda zafi ya fi yawa, sannan ya yanke silindar ya bar sararin da littafin Piaggio ko takardar kamfanin fistin ta ƙayyade. Ka roƙe shi ya daƙushe kaifin bakin ƙofofin bayan ya gama. A saka ringi shi kaɗai cikin silinda a auna tazarar bakinsa, wadda ta kamata ta tsaya tsakanin milimita 0.2 da 0.4. Kilif sabo za a sa, boris ɗin fin ma sabo, kibiyar kan fistin kuma ta kalli salansa.

Saura abin da ya ƙamar da injin tun farko, domin idan ba a gano shi ba sabon fistin ma haka zai ƙare. Babur da ya daɗe a ajiye oyil sil ɗin karanshaf nasa, wato robobin da ke toshe gefen sandar da fistin ke juyawa, sun bushe, kuma na gefen fanka idan ya saki iska yake ja, mai ya yi ƙaranci, zafi ya hau. A canza su duka, a wanke kabureta da jet, a tabbatar murfin da ke kai iskar fanka kan silinda yana nan. Idan taka ba mai famfon haɗa mai ba ce, ka riƙa zuba mililita 20 na baƙin mai 2T, wato wanda aka yi domin haɗawa da fetur, a kowace litar fetur, kuma a kilomita 1,000 na farko kada ka murɗe totur har ƙarshe ka daɗe a haka.