Amsa: Me ke kai ƙungiyar besbol ta sakandare ga nasara?

Malam, ka tambayi abin da ke ɗaukaka ƙungiyar besbol ta sakandare. A ganina masu jifa, wato masu jefa ƙwallo ga mai bugu, su ne kan gaba, kuma kada a jingina da mutum ɗaya.

Dubi Kanaashi Nogyo, makarantar koyon noma a Akita, Japan. A gasar Koshien ta 2018, babbar gasar besbol ta makarantun sakandaren Japan, yara tara suka kai ta wasan ƙarshe, ba a canja kowa ba, sabo da juna ya riƙe su. Amma mai jifansu Kosei Yoshida shi kaɗai ya yi jifa 881 a gasar. Ranar ƙarshe hannu ya gaji, makarantar Osaka Toin mai masu jifa da dama ta lallasa su 13-2. Wallahi yaron ya ba ni tausayi. Tun 2020 aka ƙayyade wa kowane yaro jifa 500 a mako a gasannin sakandaren Japan.